Wasiƙa daga Manchesta: a nan har kakanni suna da farashi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya jikin Goggo? Ka tambaye ni kuɗin haya da na cefane. Wannan sai a wasiƙa ta gaba, yau labarin wata haja zan ba ka wadda ban taɓa zaton ana cinikinta ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyata ta roƙe ni in raka ta babban ɗakin karatu na gari, wai za ta nemo kakar mahaifiyarta. Na ɗauka kabari za mu je. Ashe kwamfuta ce. Kafin la'asar ta samo matar a ƙidayar 1911: sunanta, shekarunta, lambar gida, sana'arta ta saƙa a masaƙar auduga, da 'ya'yan da ta haifa har da waɗanda suka rasu. Takardar da rubutun hannun maigidan ne, don daga wannan shekarar aka fara ajiye ainihin abin da magidanta suka cike. Tsohuwa sai hawaye.

Abin ya daɗe. Tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamaci. A 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ƙidaya kuwa duk shekara goma suke yi tun 1801, ko da yake sai 1841 aka fara sa sunan kowa. Ba a buɗe ta sai ta cika shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 sai a 2022 ta fito. Ran da ta fito kamfanin Findmypast mai sa irin waɗannan takardu a intanet fam uku da rabi yake karɓa kan hoton shafi guda, amma a wannan ɗakin karatu namu, da kuma gidan adana takardu na ƙasa da ke Kew a Landan, kyauta ne.

Kada ka ɗauka ba su da giɓi. Gobara ta cinye ƙidayar 1931 a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana. A ta 1841 an riƙa rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 44 ya koma 40. Ga malaman da suka rubuta suna yadda kunnensu ya ji.

Ina zaune gefenta ina lissafin namu. Ni daga Baba sai Malam, sai mahaifin Malam da nake jin ana ce masa Na Allah, wanda ko sunansa na yanka ban sani ba. Nan na tsaya. Ko da a ce muna da kundi irin nasu, da wuya ya yi mana aiki yadda yake yi musu. Su suna guda ke bin gida ɗaruruwan shekaru. Mu kowa sunan ubansa yake ɗauka, ko na garinsu in ya shiga boko. Ga Muhammadu goma a zaure ɗaya, ga alkunya da ke hana uwa faɗin sunan ɗan fari har laƙabi ya binne sunan. Takardun Turawa da ke gidan adana takardu na Kaduna da Arewa House sun fi ƙarfi kan hakimai da dagatai da haraji da jangali. Talaka a can adadi ne kawai.

Sai dai na lura da wani abu. Tsohuwar nan ta samu suna da lambar gida, amma ba ta san ko matar mai faɗa ce ko mai fara'a ba. Goggo kuwa in ta fara, za ta gaya maka wa ya auri wa, dalilin da ya taso da mu daga tsohon gari, kirarin gidanmu, da ma'anar askar da ke fuskar Malam, ko kwabo ba za ka biya ba, sai dai goro.

Don Allah ranar Juma'a ka kai mata goron, ka kunna wayarka ka bar ta ta yi ta zuba, kada ka katse ta. Ka tambaye ta sunan yanka na Na Allah da na matansa, ka kuma duba bayan Alƙur'anin Malam na rubutun hannu ko ya rubuta ranakun haihuwa da ajami. Zan turo kuɗin data.

Ƙaninka.