Hattara da masu sayar da kaya daga wata jiha, da masu cewa za su kai maka su kotu

'Yan'uwa, damfarar nan hawa biyu ce. Mai shago a Facebook ko Instagram ya ce yana Legas, ya nuna hoton shadda ko waya a farashi mai sauƙi, ka tura kuɗi, ya toshe lambarka. Bayan kwana biyu sai wani ya ɓullo, wai shi wakili ne a kotun ƙananan ƙararraki, ka turo "kuɗin fom" da "kuɗin masinja" ya karɓo maka haƙƙinka kana zaune a gida. Sau da yawa bakinsu ɗaya.

Kotun da gaske akwai ta. Legas ta buɗe tata a 2018, Kano a 2019, a ƙarƙashin kotunan majistare, kuma ba dole sai da lauya ba. A tsarin da Legas ta fara da shi, kuɗin da ake bi kada ya wuce naira miliyan 5, sai ka fara aika takardar neman biya, kuma ana son a yanke hukunci cikin kwana 60. Kuɗin shigar da ƙara a ofishin rajistara ake biya a karɓi rasit. Duk wanda ya ba ka asusunsa na kansa, ɓarawo ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne adireshi. Kotu na da hurumi ne idan wanda ake ƙara yana zaune ko yana kasuwanci a jihar da kotun take, ko kuma a can cinikin ya faru. Sammacin da zai tsallaka wata jiha sai an rubuta a jikinsa cewa a can za a miƙa shi, kuma dokar tarayya ta ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 kafin ya amsa. To wa masinja zai miƙa wa takarda, alhali abin da ke hannunka sunan shafi ne kawai da lambar da aka kashe?

Ko ka yi nasara, hukuncin kotun Kano, alal misali, ba ya taɓa kayan mutum a Legas sai an karɓi takardar shaidar hukunci an yi mata rajista a can.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, duba sunan kasuwancin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tabbatar ya dace da sunan asusun banki, ka sa wani naka ya taka har ƙofar shagon. Idan an riga an cuce ka, adana rasit da hirarku, ka sanar da bankinka a ranar, sannan ka kai ƙorafi wurin 'yan sanda.