Shagon kwamfuta na Aboabo: mel maj ɗinsu ba magana, faks kuwa sai da haƙuri

Masu tambaya ina za a kai aikin wasiƙu masu yawa a Kumasi, irin wanda magana ɗaya ce amma kowa da sunanshi da adireshinshi da kuɗin da ake binshi, toh akwai wani shagon kwamfuta a Aboabo da wani dattijo ke riƙewa shi da 'yarshi, kuma in dai irin wannan aikin ne, wanda ake ce wa mel maj (mail merge), wallahi ban ga wanda ya kama ƙafar yarinyar nan ba a zangon nan kaf. Ɓangaren faks ne ke da 'yar magana, zan zo kanshi.

Ni takardun kawuna nake riƙewa a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kayan mota muke saidawa, injuna hom yus, watau na hannu daga waje, da giyabos da sauran tarkace. Aiki biyu na kai musu. Na farko wasiƙar tuni ga makanikai da 'yan kasuwan da suka ɗauki kaya bashi, dan kawu ya ce ya gaji da kiran waya ana ce mishi gobe, yana son takarda mai hatimi a hannun kowa. Na biyu takardar neman farashi zuwa ga dilolinmu na Japan da Jamus, kuma a cikinsu akwai tsofaffin kamfanoni da har yau in ba faks ka tura ba to ba ka yi magana ba. Wanda bai taɓa hulɗa da Japanawa ba zai ɗauka wasa nake, ƙasar da ke ƙera motar da kake hawa amma ofisoshinsu na nan riƙe da faks gam, ka tura imel a yi shiru, ka tura faks washegari amsa na jiranka.

Yadda abin yake ga wanda bai sani ba, wasiƙa ɗaya tak ake bugawa a Word, sai a bar gurbi a wajen suna da adireshi da adadin kuɗi. Sunayen kuma suna can a Excel, layin farko na sama shi ne kanun, suna, laƙabi, gari, lamba, bashi, kowane mutum da layinshi a ƙasa. Sai a shiga Mailings, a danna Select Recipients a nuna mishi fayil ɗin Excel, a bi gurabun da Insert Merge Field ana saka kowane kai inda ya dace, a duba da Preview Results, a ƙare da Finish & Merge. Shikenan. Wannan ɓangaren ko ɗan ƙaramar sakandare ka nuna mishi zai yi, kuma shi ya sa shaguna da yawa a Adum da Kejetia za su ce maka sun iya. Sun iya danna maɓallan, eh.

Inda yarinyar nan ta bambanta shi ne ba ta taɓa Word ba sai da ta zauna kan jerin sunayen, layi bayan layi, kaman mai tsince tsakuwa a wake kafin a ɗora waakye. Na ce mata ƙanwata ai jerin a shirye yake, ta ce Yaya bari dai mu gani.

Abu na farko da ta nuna min, sifirin farkon lambobin waya duk ya gudu. Excel in ka rubuta mishi lamba mai farawa da 0 yana ɗauka lissafi ne sai ya cire sifirin, mu kuwa nan Gana kowace lamba da 0 take farawa, 024 ne, 020 ne, 032 ne. Ta maida layin gaba ɗaya Text sannan ta dawo da sifirin. Daga nan ta tsaya kan wasu lambobin faks da aka kwafo daga tsohon littafin kawu, masu farawa da 051 da 021, ta juya ta ce Baba zo ka ga abokanka. Dattijon ya sa tabarau ya yi dariya, ya ce waɗannan tun 2010 aka canza su, Kumasi ta koma 032, Ankara (Accra) ta koma 030, watau 051 ya zama 03220, 021 kuma ya zama 0302, duk wanda ya buga tsohuwar ba inda za ta je. Shi wannan bawan Allah tun zamanin komunikeshan senta yake harkar, lokacin da mutum zai bi layi dan ya kira ɗan uwanshi na waje ana kallon agogo ana lissafa mishi minti, kafin wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar. Lambobin garuruwa a kanshi suke.

Sai maganar kuɗi, nan ne ma na fi jin daɗinta. Kun san halin manyanmu, tun 2007 aka cire sifiri huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har gobe kawu miliyan yake ƙirgawa, in ya ce miliyan biyar sidi 500 yake nufi. Littafin bashin shago kuwa hannu da yawa ya shiga, wani ya rubuta da sabon kuɗi wani da tsoho. Ita ta lura wasu adadin sun yi girman da bai dace da kayan ba, ta sa musu launi ta ce in kira gida in tabbatar, ba za ta haɗa ba sai an warware. Ku duba fa, da a ce takarda ta fita da hatimin shago tana cewa wani makaniki ana binshi miliyoyin sidi na yanzu, ai sai an kai ga zaman sulhu gaban manya.

Akwai kuma wasu ƙananan abubuwa da Word ke yi in ya jawo bayani daga Excel. Kwanan wata yakan juye irin na Amurka, wata a gaba rana a baya, 5 ga Maris sai mai karatu ya ga 3 ga Mayu. Kuɗi kuma waƙafinshi ya ɓace ko ya fito da wata doguwar jela bayan ɗigo. Ta danna Alt da F9, gurabun suka buɗe cikinsu, ta ƙara \@ "dd/MM/yyyy" a na kwanan wata, ta ƙara \# "#,##0.00" a na kuɗi, ta sake dannawa komai ya zauna daidai. Ban taɓa ganin an yi haka a wani shago ba, galibi sai dai su bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu, to ina amfanin mel maj ɗin kenan.

Gaisuwa ma ta ba ta haƙƙinta. Ba ka rubuta wa Alhajin da ya girmi ubanka sunanshi tsirara, dan haka ta ware layi guda na laƙabi, Alhaji, Hajiya, Malam, Masta, su Nana da Opanin na abokan cinikinmu Asantawa, kowa aka sa mishi nashi. Ta kuma yi amfani da If Then Else da ke ƙarƙashin Rules, wanda bashinshi ya daɗe sai wata jimla mai ɗan nauyi ta fito a wasiƙarshi, wanda kwanan nan ya ɗauka kuma tashi ta zo da laushi. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da na Twi irin ɛ da ɔ, duk sun fito lafiya dan ta zaɓi rubutun da ke ɗauke da su, ta kuma ce in zan kawo jerin a irin fayil ɗin da ake ce wa CSV in tabbatar da tsarin haruffa na UTF-8 aka ajiye shi in ba haka ba alamar tambaya za ta cika sunayen mutane. Firintarsu lesa ce, baƙin ya fita tsaf, har ambulan ta buga da jerin guda.

Toh faks.

Gaskiya a nan shagon bai kai yadda dattijon ke tallata shi ba. Shi a bakinshi danna ɗaya ne duk su tafi, kuma da can akwai ƙamshin gaskiya a maganar, dan Word na 2003 yana da maɓallin Merge to Fax a jikin kayan mel maj. A Word na yanzu in ka buɗe Finish & Merge abu uku za ka gani, ka fitar da wasiƙun a sabon fayil, ka buga a firinta, ko ka tura ta imel. Babu faks a ciki. Abin da suke yi, suna da layin waya na ƙasa da ɗan modem a jikin kwamfuta, Windows Fax and Scan kuma yana saka wata firinta mai suna Fax, sai a tura wasiƙa can a rubuta lamba. Matsalar ita ce in ka tura haɗaɗɗen fayil ɗin gaba ɗaya, duk wasiƙun za su tafi lamba ɗaya a matsayin faks ɗaya, dilan Osaka ya karanta abin da ka rubuta wa na Hambug har da farashin da kake nema. Dan haka dole ɗaya bayan ɗaya, ta shiga Print Documents ta sa From 3 To 3, ta zaɓi Fax, ta kwafo lamba, ta jira, sannan From 4 To 4. Lambar waje kuma sai an fara da 00, sannan 81 na Japan ko 49 na Jamus, a jefar da sifirin farkon lambar garin. Ita ba ta yi kuskure ko ɗaya ba amma aikin hannu ne zalla, mel maj ɗin ya tsaya a rubutu, turawar kuwa zama ne.

Ga layin da kanshi. Shafi ɗaya wajen minti yake ci in layi na da kyau, in ya yi ƙara sai ya yanke a tsakiya a sake daga farko, kuma kiran waje ne ana lissafa maka. Wasu sun wuce a bugun farko, wasu sai da aka yi ta maimaitawa, akwai na Jamus ɗaya da bai shiga ba sam har muka tashi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, UPS ɗinsu, batirin ko-ta-kwana, ya riƙe kwamfutar na ɗan lokaci ya fara kuka, janareta kuma babu, sai muka koma benci muna fifita da ambulan. Wannan kam ya kamata Baba ya duba, shagon da ke karɓar aikin sauri bai kamata dumso, ɗauke-ɗauken wutar nan, ya zaunar da shi ba.

Abin da ya ɗan wanke su shi ne ta san me faks ke so. Hatimin shagonmu mai launi ne ja da shuɗi da hoton inji a tsakiya, ta ce Yaya wannan in ya isa can baƙin dunƙule zai zama, faks baƙi da fari kawai ya sani. Ta yi wani kan takarda na daban ba hoto ba inuwa, ta ƙara girman rubutu, lambobin kayan mota kuma ta sa su manya dan kar 8 ta koma 3 ko B a hanya, wanda a sana'armu harafi ɗaya ya canza to wani giyabos daban za a loda maka har tashar jirgin ruwa ta Tema. Ta sa ingancin a Fine maimakon Standard, ya fi cin lokaci amma ya fi fita. Ta kuma tuna min Japan na gabanmu da awa 9, wanda muka tura da la'asar tsakar dare zai sauka can, kar in zauna jiran amsa ranar. Duk wanda ya wuce ta buga min shaidar cewa ya tafi ta maƙala a bayan kwafin.

Na tambaye ta ba wata hanya mafi sauƙi, ta ce akwai kamfanonin faks ta intanet da za ka tura imel zuwa lambar faks ɗin haɗe da adireshinsu su kuma su isar, in da suna da wannan sai a yi layi guda a Excel na waɗannan adireshin a tura duka ta Send Email Messages da Outlook. Amma biyan wata-wata ne da katin banki, masu neman faks kuma ba su da yawan da zai maida kuɗin, Baba ya ce ba zai biya dan mutum biyu uku ba. Ban ga laifinshi ba, sai dai ya daina cewa danna ɗaya ne.

Farashi, na wasiƙu ya yi daidai, kuɗin shirya jeri daban na bugawa shafi-shafi daban, kuma in ka duba gyaran da ta yi ni a ganina ta yi araha. Na faks ɗin waje ne ya ɗan cije ni, musamman da aka so a lissafa har waɗanda suka yanke a hanya, sai da muka yi 'yar ja-in-ja da dattijon, na ce Baba abin da bai isa ba ai ba a biyanshi, ya ce ɗana layin ai ya ci kuɗi, a ƙarshe aka raba asarar biyu. Ku yi wannan maganar tun kafin a fara bugawa. Suna karɓar momo, watau kuɗi ta waya. Lokacin sallah suna rufewa, ranar Juma'a kuma kar ma ka je kafin a sauko masallaci.

Wanda zai kai musu aiki ya zo da jerinshi a Excel cikin filash, ba hoton littafi a WhatsApp ba, dan in ita za ta buga maka sunayen daga hoto kuɗi ne daban kuma yini ne. Makarantun Islamiyya masu takardar kuɗin makaranta, kwamitin maulidi, masu biki da ke son kowane kati da sunan mai shi, duk wannan wajenku ne. In faks ɗinka ya wuce 'yan ƙalilan kuwa ka fara tambayar mutanen ko za su karɓi PDF ta imel, mu ma da muka tambaya daga baya wasu sun yarda, sauran tsofaffin ne suka kafe.

In an gama kuma ka tsaya a goge fayil ɗinka daga kwamfutar a gabanka har cikin kwandon shara, dan kwamfutar shago ce, yara masu zuwa duba sakamakon jarabawa ma ita suke hawa, jerin masu bashi da lambobinsu kuwa ba abin bari a fili ba ne a unguwar da kowa ya san kowa. Ita ta goge namu tun ban gama rufe baki ba, amma na hango fayilolin wasu mutane zube a fuskar kwamfutar, har da na wata ƙungiyar adashi da sunayen mata a jiki.