Daga Akra zuwa Cape Coast a ƙarshen mako: wace mota za ka hau?

Wanda ya ɗauki jakar goyonsa ranar Asabar da niyyar ganin bakin tekun Gana ya dawo aiki ranar Litinin, lokaci yake saye da kuɗin motarsa, ba kujera kawai ba. Tsakanin Akra da Cape Coast kusan kilomita 150 ne. In hanya ta yi kyau awa uku ta isa, amma in ka faɗa cunkoson Mallam da Kasoa, sai ka ƙara awa ɗaya ko biyu kana kallon bayan motar da ke gabanka. Sunayen nan biyu ma namu ne, Malam da Kasuwa, kuma Kasoa ta amsa sunanta, don ciniki har bakin titi yake.

Mafi arha ita ce tiroto, ƙaramar bas ɗin da ake lodi a tashar Kaneshie da ke Akra. Ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Da asuba wannan ba matsala ba ce, nan da nan take cika. Amma ka iso da hantsi, za ka zauna cikin zafi kana jiran mutum uku na ƙarshe. Jakarka in babba ce, ko dai ka ɗora ta a cinya har garin Mankessim da ke kan hanya gwiwoyinka su yi tsami, ko kwandasta ya cusa ta a baya tare da buhunan mutane ya nemi ƙarin kuɗi. Abin da nake so da ita shi ne tana sauke ka cikin gari, ba sai ka sake neman tasi mai nisa ba. A tashar akwai masu sanyaya daga ciki waɗanda kuɗinsu ya ɗan ɗara, kuma bambancin bai kai wahalar da suke rage maka ba.

Sai babbar bas, irin ta kamfanin STC na gwamnati. Kujera taka ce kai kaɗai, kaya na shiga ƙasa, akwai lokacin tashi a rubuce, kuma direbobin manyan motocin ba su cika yin tseren wuce juna irin na ƙananan ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a kan titin da yawancinsa hannu biyu ne kawai, masu zuwa da masu dawowa. Illarta biyu: tashin ba shi da yawa a rana, don haka sai ka sayi tikiti tun da wuri, sannan tana ajiye fasinja a mahaɗar Pedu, gefen gari. Ga mace mai tafiya ita kaɗai, ko wanda bai taɓa bin hanyar ba, ita zan fara ba da shawara.

Na uku shi ne shirin rukuni, inda masu shirya yawon buɗe ido ke haɗa mota da kuɗin shiga wurare da abinci, wani lokaci har da masauki, a farashi ɗaya. A nan ne ya kamata ka yi tambaya sosai kafin ka tura kuɗi. Kuɗin shiga yana ciki ko kai za ka biya a ƙofa? Kwana za a yi ko a yini ɗaya za a je a dawo? Abincin fa, wa ya yanka naman? Za a tsaya salla? Da yawa daga cikin shirye-shiryen nan suna cusa dajin Kakum da Elmina da Cape Coast a rana guda, kuma ni a ganina wannan zalunci ne ga wuraren.

Dalilina shi ne tsofaffin gidajen da Turawa suka gina a bakin teku a garuruwan Cape Coast da Elmina, inda aka riƙa tara bayi, ba wurin leƙawa a wuce ba ne. Na Elmina, mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637. In mai rakiya ya shigar da ku ɗakin ƙasa inda aka tara bayi, ya rufe ƙofa na ɗan lokaci, duhu da ɗumi da warin tsohon gini sai su sa kowa ya yi tsit. Daga nan ku bi ta siririyar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda in an fita ba a dawowa. Cikin waɗanda suka bi ta irin wannan ƙofa akwai mutanen arewa da aka koro daga kasuwar bayi ta Salaga a arewacin Gana. Mutum na bukatar ya fito ya zauna shiru yana kallon kwale-kwalen masunta a bakin ruwan Benya da ke gefen gidan, ba a ce masa ya hanzarta mota na jira ba.

Kakum kuma da sassafe ake zuwa. Yana da nisan kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma gadojin igiya bakwai ne aka ɗaura a saman itatuwa. In motocin ɗalibai suka iso, layi ne za ka bi, gadar na ta lilo da nauyin jama'a. Wanda ya kwana a gari shi ke riga su.

Don haka ni ga yadda nake tsarawa: babbar bas ko ƙarama mai sanyi da asubar Asabar, Cape Coast da Elmina a ranar, tunda tsakaninsu bai wuce kilomita 13 ba kuma tasin haɗaka na zirga-zirga. A kwana a ɗakin haɗaka mai arha kusa da teku, Lahadi da safe Kakum, a kamo hanya da azahar kafin masu dawowa su toshe Kasoa. Kada kwaɗayi ya ja ka zuwa bakin tekun Busua, can gaba da Takoradi yake, hanya za ta cinye maka kwana biyun.

Ka duba kalanda kuma. Asabar ta farko a watan Satumba ake bikin gargajiya na Fetu Afahye a Cape Coast, gari na cika maƙil kuma masauki na wuya. Mayu da Yuni ruwan sama ya fi ƙarfi. Tekun nan yana da ja ta ƙasa, ko ka iya iyo kada ka shiga inda ba ka ga 'yan gari suna shiga ba. Abincin halal kuwa, ka tambayi hanyar zango daga kasuwar Kotokuraba, za ka samu koko da ƙosai da safe, da masallacin da za ka ajiye jakarka ka yi salla.