Na biya kuɗi a karanta min rubutun fim ɗina: ga abin da na samu

Shafi 128 ne rubutun ranar da na tura shi. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina fama da shi, in rubuta, in goge, in sake, har ta kai in na buɗe shi ba na ganin komai sai abin da raina yake so ya gani. Duk wanda na ba ya karanta, "kai, ya yi kyau" yake cewa, daga nan sai shiru. Furodusa tara na rubuta wa ina roƙon su duba, ko wanda ya ce min kanzil babu. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ina cikin ɗakin, ruwa na zuba a kaina, na rasa ta inda yake shigowa. Shi ya sa na yi wata biyu ina tari, na biya wani kamfanin masu karanta rubutun fim, irin waɗanda suka cika intanet, don wani da bai san ni ba, ba ya kuma jin kunyata, ya karanta ya faɗa min gaskiya. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Suna da yawa, kuma kusan hanya ɗaya suke bi.

Sana'ar tsohuwa ce. A Holiwud manyan kamfanoni sun daɗe da ajiye masu karatu, saboda mai yanke hukunci ba shi da lokacin zama da tulin sikirif, wato rubutun fim. Mai karatun shi zai karanta, ya rubuta ɗan rahoto: labarin a jimla ɗaya ko biyu, sai taƙaitawarsa daga farko zuwa ƙarshe, sai ra'ayinsa kan tsari da jarumai da maganganu, sannan ya rufe da ɗayan hukunci uku, wato a bar shi, ko a sake dubawa, ko a ɗauka. Mafi yawan rubuce-rubuce "a bar shi" suke samu, kuma marubucin ba ya ganin rahoton. Abin da waɗannan kamfanoni suke sayarwa ke nan, su yi maka irin wannan rahoto su miƙa maka a hannunka.

Nawa kamfanin ya kasa hajarsa uku. Akwai gajeren rahoto, akwai rahoto mai dogon sharhi shafi bayan shafi, akwai kuma na uku da suka ce za su tallata rubutunka ga masu shirya fim. Na tsakiyan na fara saya.

Tun wajen cike fom na yi wautar farko. Ƙa'idar rubutun fim sananniya ce: harafin Courier mai girman 12, yanayin wuri da lokaci a saman kowace fitowa, sunan mai magana a tsakiya. An tsara shi haka ne don shafi ɗaya ya yi daidai da kusan minti ɗaya a allo, shi ya sa ake son rubutu ya tsaya tsakanin shafi 90 zuwa 120. Kamfanin ya ce duk abin da ya haura 120 sai an ƙara kuɗi. Maimakon in zauna in rage shafi takwas, sai na biya ƙarin, wai ni babu layin da zan iya rabuwa da shi. Abin da mai karatun ya fara faɗa ke nan a rahotonsa, cewa rubutun ya yi ƙiba da aƙalla shafi ashirin.

Kwana bakwai suka yi alkawari, sai a na tara rahoton ya iso, babu ko ban haƙuri. Shafi shida ne. Ban karanta komai ba, na gangara ƙasa ina neman hukunci. A bar shi. Na rufe kwamfutar, kwana biyu ban sake taɓa ta ba.

Da na dawo, ba sharhin ne ya fara buɗe min ido ba, taƙaitawar ce, ɓangaren da na ɗauka ɓata takarda ne tunda ai na san labarina. Labarin wata mata ce mai shara a kotu da daddare, ta tsinci fayil da aka ɓoye wanda zai iya wanke wani mutum da aka ɗaure bisa zalunci. A kaina ita ce komai. Amma da na karanta labarin daga bakin wani, sai na lura kowace jimla da wani take farawa. Lauya ya je, magatakarda ya kira, alƙali ya ɗage zama. Ita kuwa in an zo kanta sai ka ji "ta gani," "ta ji," "ta jira." Mutumin bai yi haka don ya ci min fuska ba, abin da ke kan takarda ya kwafo. A shafi na 14 ta tsinci fayil ɗin ta jefa a jaka, sai a shafi na 51 ta yi wani abu da shi. Minti talatin da bakwai mai kallo zai yi yana kallon mace tana shara da fayil a jaka. A gefen wurin ya rubuta tambaya: me take so, kuma me zai same ta in ba ta samu ba? Na nemi amsar a rubutun daga farko har ƙarshe, babu. A kaina kawai take.

Sai kuma shafi na 33, inda na rubuta layin da nake alfahari da shi: "Ta tuna da mahaifinta, zuciyarta ta karaya." Ya ja layi a ƙasa ya ce kyamara ba ta ɗaukar tunani, me mai kallo zai gani? Na fi awa ina zaune da wannan layin. Daga ƙarshe na sa ta ajiye tsintsiya, ta zaro wani tsohon agogon namiji daga aljihu, agogon da ya daɗe da tsayawa, ta duba lokaci a jikinsa kamar yana aiki, ta mayar. Ko kalma ba ta furta ba. Da na bi rubutun ina farautar irin wannan "ta tuna" da "ya ji a ransa," sai da na ƙirga talatin da ɗaya. Ashe littafi na rubuta na sa masa rigar fim.

Kan maganganun jarumai ya ce suna faɗa wa juna abin da dukansu suka riga suka sani don kawai mai kallo ya ji. Na ƙi yarda. Na kira ƙanwata muka raba fitowar, ni miji ita mata, muka karanta da ƙarfi. Ba mu kai rabi ba ta ajiye takardar tana dariya. "Yaya, don Allah wane miji ne zai ce wa matarsa 'kin san shekararmu goma sha biyu da aure kuma 'ya'yanmu uku'? Ai ta sani, ita ta haife su." Wannan kam da na yi shi tun farko da ban biya kowa a kansa ba.

To amma rahoton yana da nasa ramin. Daga wajen shafi na 95 sharhin ya fara sirancewa, kuma a taƙaitawar ya ce lauyan ne ya mutu, alhali magatakardan ne, shi lauyan yana nan da ransa har fitowar ƙarshe. Ba sai an faɗa min ba, sauri ya yi a shafi talatin na ƙarshe, waɗanda su ne na fi zuba ƙarfina a kai. Na rubuta wa kamfanin ƙorafi. Amsar da ta zo irin wadda ake aika wa kowa ce, da tayin rangwame in zan sake sayen wani karatun. Ban da haka, ya riƙe ma'auni ɗaya ya ƙi saki. Tun 1979 da Syd Field ya fitar da littafinsa kan kasa labarin fim gida uku, masu karatu da yawa suke auna rubutu da lambar shafi, su ce dole kaza ya faru wajen shafi na 25 zuwa 30. Ma'aunin yana da amfani, shi ya kama min laifin fayil ɗin nan. Amma akwai fitowa biyu masu shiru da ya ce in cire don kawai ba su faɗo inda ma'auninsa yake so ba, na kuwa bar su. Makin da ya jera a ƙarshe, tsari 4, maganganu 5, jigo 7, ban ga abin da suka ƙara min ba ban da ɓacin rai.

Wata huɗu na yi ina gyara. Rubutun ya dawo shafi 104, matar ta buɗe fayil ɗin a daren da ta tsince shi, kuma wanda aka ɗaure ɗin na mayar da shi mutumin da ita kanta ta taɓa ba da shaida a kansa. Na karɓi rangwamen na sake turawa. Wani mai karatun daban aka ba, hukuncinsa "a sake dubawa." Abin dariyar shi ne ya ce matar tana bukatar wani na kusa da za ta riƙa faɗa wa damuwarta, ɗan'uwa misali. Ɗan'uwan da mai karatu na farko ya sa na cire ke nan. A nan na daina ɗaukar rahoto kamar hukuncin alƙali. Na shimfiɗa su biyun gefe da gefe, inda suka saɓa na bi raina, inda bakinsu ya zo ɗaya na san ciwo ne na gaske. Dukansu sun ce tsakiyar labarin tana jan ƙafa, na biyun har ya nuna daga shafi na 58 zuwa 70.

Murnar "a sake dubawa" ce ta ja ni na sayi kashi na uku, kuma shi ne kuɗin da nake da-na-sani a kai. An sa jimlar labarina a wata wasiƙa da suka ce tana zuwa ga masu shirya fim masu yawa. Su waye, nawa ne suka buɗe, ba wanda ya gaya min. Wata uku saƙo ɗaya na samu, daga wani da ya yaba rubutun da bai karanta ba, sannan ya nemi in biya shi ya haɗa ni da masu kuɗi. Kifi na saya a cikin ruwa. Da na natsu na bi yadda harkar take, sai na ga dalili. Manyan kamfanoni ba sa buɗe rubutun da ba su nema ba, suna tsoron gobe su fitar da fim mai kama da shi a maka su a kotu. Ta hannun wakili ko manaja ko lauya rubutu yake isa gare su, in kuwa ƙaramin furodusa ya yarda ya karanta, sau da yawa sai ka sa hannu a takardar da ke kare shi daga ƙara. Wakili na gaskiya kashi 10 cikin ɗari yake ɗauka bayan an yi ciniki, ba ya karɓar kuɗin karatu. Kuma sabon marubuci ba kasafai ake sayen rubutunsa kai tsaye ba. Ko dai a ba shi ɗan kafin alƙalami a riƙe haƙƙin na wata 12 ko 18 ana neman kuɗin ɗauka, ko rubutun ya zama shaidar ya iya, a kira shi ya rubuta labarin wani.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan wasiƙar suna, duk da ban gwada su ba tukuna. Gasar Nicholl, ta cibiyar da ke ba da kyautar Oscar, tun 1986 take zaɓen sababbin marubuta, 'yan ƙalilan daga dubbai. Akwai kuma Black List da Franklin Leonard ya fara a 2005, jerin rubuce-rubucen da ma'aikatan kamfanonin fim suka fi so amma ba a riga an mayar da su fim ba, wanda finafinan Argo da Spotlight suka bi ta cikinsa kafin su ci Oscar. Sai dai jerin shekara-shekarar daban, shafin da suka buɗe a 2012 inda kowa zai biya a duba rubutunsa daban. Na daɗe ina ɗaukarsu abu ɗaya.

Tsoron sata ma ya ci min kusan shekara kafin in yarda wani baƙo ya ga rubutun. Bisa yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar ka rubuta, amma rubutun ake karewa, tunanin labarin kam ba na kowa ba ne. Ƙungiyar marubutan fim ta yammacin Amurka tana rajistar rubutu na shekara biyar, ko kai ba ɗan ƙungiya ba ne, don ka samu shaidar kwanan wata. A nan kamfanin da na biya bai cuce ni ba, sharuɗɗansu sun faɗa ƙarara cewa rubutun nawa ne, kuma na karanta su sau biyu kafin in danna.

Wanda ya gama zubi na farko na rubutunsa jiya, ya riƙe kuɗinsa, ya ajiye rubutun wata guda, ya nemi mutum biyu su karanta masa da ƙarfi. Wanda ya kai zubi na uku ya daina ganin laifinsa, kashi na tsakiyan nan zai yi masa amfani, kuma ya fara karanta taƙaitawar kafin ya leƙa hukunci. Kashi na uku kuwa, na tallata rubutu, ba zan ce wa kowa ya saya ba.

Bayan na gyara shafi na 58 zuwa 70, na ɗauki jimlar da mai karatu na biyu ya taƙaita labarin da ita, wadda ta fi tawa nesa ba kusa ba, na sa a sabuwar wasiƙa mai layi shida na aika wa ƙananan furodusoshi goma sha ɗaya waɗanda na ga irin finafinan da suke yi. Biyu sun amsa. Ɗaya ta ce fitowar kotu tana da tsadar ɗauka, ta tambaya ko ina da wani labarin mai wuri ɗaya ko biyu da jarumai huɗu. Ba ni da shi, amma na fara, ina shafi na 22. Ɗayan ya aiko da takardar sa hannu, na sa, na tura masa rubutun. Yau sati uku ke nan.