Ya gano inda ruwa ke shiga a-kori-kurata, amma yaransa sun ɓata rawarsu da tsalle

Mai garejin gyaran bodin mota da na kai wa motata ya san aikin yoyon ruwa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk wanda tsohuwar a-kori-kurarsa ke shan ruwa ta ciki, ya gaji da yawo wurin masu shafe-shafen gam, to garejin gyaran bodin nan wuri ne da ya kamata ya leƙa. Sauran bayani yana tafe, don ba duka aikin ne ya kwanta mini ba.

Motata ƙirar ƙarshen shekarun 1990 ce. Inji lafiya lau, giya ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Ciwonta ɗaya ne: in aka kwana ana ruwa, da safe ina taka kafet ɗin gefen direba sai in ji caɓal. Gilasai su yi ta gumi ta ciki, ka goge su sake, ga wani warin ruɓa da ke bin rigar mutum har bayan ya sauka. Kafin in zo nan, wani mai gilashi ya rantse mini cewa robar gilashin gaba ce, ya zagaye ta da farin silikon har motar ta zama abin kunya a ido. Ruwa bai fasa ba. Wani kuma ya canza robar ƙofa, ya karɓi kuɗinsa, ruwa ya ci gaba da abinsa. Ba su nake wa sharhi ba, na kawo su ne don a san da irin zuciyar da na iso.

Ina isa na fara nuna masa gilashin gaba, sai ya ɗaga mini hannu. "Alhaji, bar inda kake zato. Faɗa mini yadda kake ajiye ta." Ya tambaye ni ko gaban motar ne ke kallon gangare in na faka ko bayanta, ko ruwan yana shiga ne tana tsaye ko sai ana tafiya, ko na taɓa ganin jiƙar a ranar da ba a yi ruwa ba. Daga nan ya tsuguna ya dangwali ruwan da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ce ruwan lagireto in ya ɗigo daga na'urar ɗumama ciki yana da santsi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na esi kuma yakan taru ne a gefen fasinja in bututun zubar da shi ya toshe, ko da sama wasai take. Nawa ba santsi, ba ƙamshi, kuma sai an yi ruwa yake zuwa. Ruwan sama ne, saura a nemo ƙofarsa.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ya sa aka cire tabarmin ƙafa, aka kwance robar dokin ƙofa, aka naɗe kafet aka tura kujera gaba, aka goge ƙarfen ƙasan tas da tsumma. Sai ya ɗauko farar hoda ya barbaɗa ko'ina, tun daga ƙarƙashin birki da totur har bayan kujera. Ya shiga ciki da tocila ya ja ƙofa. Yaronsa yana waje da tiyo, ba a matse bakinsa ba, ruwa yana zuba a hankali yadda na sama ke yi. Ya ce in aka matse tiyo da ƙarfi sai ruwa ya kutsa inda ko guguwa ba ta kai shi, a kama mara laifi.

Kuma daga ƙasa suka fara. Gindin ƙofa tukuna, a bar ruwa yana zuba na 'yan mintoci, shiru. A ɗan hau zuwa gilashin ƙofa, a jira. Sannan ragar nan ta ƙarƙashin waifa, sannan gefen gilashin gaba, sannan samansa. Ni kam na ƙosa, ina ganin ɓata lokaci ne, me zai hana a watsa wa rufin ruwa kawai a ga abin da zai faru? Ya leƙo ta taga ya ce in aka fara daga sama komai zai jiƙe a lokaci guda, ruwan zai bi ta kan kowace kafa, ba wanda zai san wacce ce ta buɗe masa. Gilashin gaban da aka ɗora wa laifi wata da watanni, ko ɗigo ɗaya bai bari ya wuce ba.

Yaron ya zagaya baya ya hau cikin bodi, ya sa tiyon a kan gilashin baya. Shiru. Ya ɗaga shi zuwa 'yar jar fitilar birkin nan da ke maƙale a saman kan motar. Nan ma da farko shiru, har na juya zan nemi wurin zama, sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. "Alhaji, zo ka gani da idonka." Na leƙa ta ƙofar fasinja. A cikin hasken tocilar, wani siririn layi mai duhu ya fito daga kusurwar bayan kujera, yana ratsa hodar sannu a hankali, ya bi kwarin da wayoyin lantarki ke kwance a gefen dokin ƙofa, ya miƙe gaba har ya je ya tsaya daidai inda nake ajiye dunduniyata in ina tuƙi. Ruwan yana shiga ta rufin baya, ya bi saman silin, ya gangaro ta cikin ginshiƙin bayan ƙofa, sannan ya yi tafiyar da ta fi mita guda a ƙarƙashin kafet kafin ya nuna kansa. Inda nake fakawa gaban motar ne a gangare, shi ya sa komai ke taruwa gaba. Tambayarsa ta farko ke nan.

Da ya kwance sukurorin fitilar ya ɗago ta, ruwa ya tsiyayo daga cikinta. Soson da ke tsakaninta da ƙarfen rufi ya lotse ya bushe, yana taɓa shi ya marmashe kamar busasshen ganye. Ya ce wannan ciwon ya zama ruwan dare a motocin wannan zamanin. Tun daga ƙirar 1994 dokar Amurka ta tilasta sa fitilar birki ta uku a ƙananan motocin ɗaukar kaya, masu ƙera a-kori-kura kuma suka huda mata wuri a ƙarshen rufi, inda rana ke gasa soson shekara da shekaru, ruwan rufin kuma ya bi ta kansa. Ruwan ba kaɗan ba ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce cif, to a ƙiyasta abin da ke wucewa ta kan wannan 'yar kafar in aka tafka milimita 30 a dare ɗaya.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya kankare tsatsar da ta fara cin bakin ramin, ya shafa mata fenti, ya sa sabon soso, ya ƙara siririn zaren baƙin gam ɗin nan na butil da ba ya daskarewa, ya ɗaure sukurori da hannu a hankali don kada robar fitilar ta tsage. Aka sake sa tiyo, hoda ta zauna a bushe. Ya kuma cire ragar ƙarƙashin waifa ya kwaso ruɓaɓɓun ganyaye da taɓo cike da hannu, ya ce da an bar su, damina mai zuwa ruwa zai cika wurin ya malalo ta hanyar iskar fanka. Ya zura waya a ramukan da ke ƙasan ƙofofi ya buɗe su. Robar ƙofar ma ya gwada ta da takarda, ya rufe ƙofa a kanta ya ja, ta riƙe gam a ko'ina.

Da ya zo kan silikon ɗin gilashin gaba kuwa, har tsaki ya yi. Ya ce irin wanda ke warin tsami lokacin da ake shafa shi, asid yake fitarwa yayin bushewa, in ya samu ƙarfe tsirara sai ya tayar da tsatsa. Fenti ba ya kama shi, gam ɗin gilashi na gaskiya ma ba ya kama inda ya taɓa sai an kankare shi fes. Ya yi alkawarin yaransa za su cire shi, su fitar da kafet da soson ƙarƙashinsa su shanya, su mayar da komai yadda yake. Na bar musu mota na tafi ina sa masa albarka, har na fara ba abokai labarinsa tun kafin in karɓo ta.

To a nan ne daɗin ya ƙare. Ranar da na je ɗauka an share ta, an feshe ta da turaren mota har yana hawa kai. Da ta sha rana turaren ya gudu, tsohon warin ya dawo, har ya fi na da. Ruwa ba ya tsami banza, sai na ɗaga gefen kafet ɗin. Soson ƙarƙashi sharkaf yake, na matsa shi da babban yatsa ruwa ya fito baƙi ƙirin. Ba su fitar da shi ba sam, sun dai goge saman kafet sun mayar da roba. Wanda ya san wannan soson ya san ba ya bushewa a inda yake, kafet ya rufe shi ta sama, ƙarfe ya tare shi ta ƙasa, sai dai ya yi ta jiƙa ƙarfen ƙasan motar yana haifar da fumfuna. Ga hodar nan ta zama kwaɓi a kan ƙarfen, ga jar tsatsa ta fara fitowa a kwarin, wani soket na wayoyi da ke kwance a wurin bakinsa har ya yi kore. Ruwa ya daina shiga, amma wanda ya riga ya shiga an rufe shi a ciki ya ci gaba da aikinsa.

Da na fara dubawa da kyau sai abubuwa suka yi ta fitowa. Silin ɗin ya saki a kusurwar baya domin sun karya maƙallansa, ga shatin yatsu huɗu na baƙin mai a kansa. Fitilar rufi ta ciki ta daina kamawa. Silikon ɗin gilashin gaba an cire rabi an bar rabi, inda aka cire kuma an yi da reza an karce mini fenti. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na hau na duba rufin: a kwarin gefe, inda tsohon gam ɗin kamfani ya ɗan tsattsage, wani ya bi ya shafa sabon farin silikon. Na sa hanci, warin tsami. Abin da maigidansu ya tsaya a gabana ya yi wa tsaki, shi suka shafa mini bayan na juya baya.

Na koma, ba ya nan. Babban yaron ya saurare ni yana goge hannu, ya ce, "Oga, ka riƙa barin gilasai a buɗe, rana za ta busar." Na kira maigidan a waya. Ya ba da haƙuri, bai yi musu ba, ya ce aiki ne ya yi masa yawa ya bar musu, in kawo ta ya tsaya a kai da kansa. Na yarda da shi, muryarsa ta nuna abin ya dame shi. Sai dai soson ni na cire kujera na fitar da shi na shanya a rana, ni na wanke ƙarfen ƙasan na shafa maganin tsatsa, don ba zan iya jiran sai ya samu sarari ƙarfe yana ruɓewa ba. Kuɗin aikin kuwa cif na biya, har da na shanyar da ba a yi ba.

Yanzu in aka tambaye ni ko a je, sai in rasa ta cewa nan take. An tafka ruwa mai ƙarfi bayan gyaran, irin wanda a da nake tashi cikin dare ina tunanin motar, da safe na sa tafin hannu a kan ƙarfen ƙasan motar, a bushe yake ƙamas. Wannan kaɗai ya fi duk abin da sauran suka yi mini. Ku je don neman inda ke yoyo, ku tabbatar shi kansa ne zai shiga ciki da tocila, kuma kada ku matsa daga wurin har sai an mayar da sukuru na ƙarshe. Kafet da sosonsa ku sa a fitar a gabanku. Wanda ba shi da lokacin tsayawa, gara ya bari a nuna masa kafar, a toshe, ya ɗauki motarsa a buɗe ya je ya haɗa ta a wani wuri.

Fitilar rufin ma na duba, fis ɗinta lafiya yake, ƙwan ma lafiya. Soket ɗinta suka bari a cire a bayan silin, wato sai an sake sauke silin ɗin kafin a kai gare shi, ga shi maƙallan da suka karya har yau cewa ake yi an aika a kawo.