Sharhi kan hidimar sallama da bibiya a wani asibitin masu taɓin hankali

Asibitin da ya yi jinyar ƙanena ya ƙware wajen kula da wanda ke kwance, amma tsarinsa na sallama yana da rauni, kuma a ganina shi ya sa ake ganin majiyyatan da aka sallama suna komowa tun wata bai zagayo ba.

Jinyar ciki ta cancanci yabo. Ma'aikatan jinya suna tsayawa a kan majiyyaci har ya haɗiye maganinsa, likita kuma ba ya fashin zagaye.

Matsalar tana farawa ne ranar tafiya gida. An miƙa mana ledar magani da katin ganin likita, sai dai ƙwayoyin za su ƙare kafin ranar da aka rubuta a katin, kuma babu wanda ya lura da wannan giɓi. Ba a gaya mana cewa haloperidol, wani maganin taɓin hankali, yana iya sandarar da jiki, ya kawo rawar hannu da dalalar miyau ba, balle a ce akwai trihexyphenidyl da ke rage wannan wahala. Mutumin da ya ga hannunsa na kakkarwa har ba ya iya riƙe kofi, alhali muryoyin da yake ji sun lafa, zai ɗauka ya warke kuma maganin ne ke cutar da shi, sai ya fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe. Allurar da ake yi sau ɗaya a mako 2 zuwa 4, wadda aka tanada domin irin wannan hali, ba a yi mana zancenta ba sai a kwanciya ta biyu.

Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, har ta fuskar kashe kai, shi ya sa wasu ƙasashe suka shar'anta a ga majiyyaci cikin kwana 7. A nan ko kiran waya ba a yi. Ba a zaunar da iyali an nuna musu ba cewa rashin barci da keɓe kai alamun dawowar ciwo ne, kuma yawan faɗa da gori a gida suna tayar da shi. Batun wiwi kuwa tambaya ɗaya aka yi aka wuce.

Duk wanda zai kai ɗan'uwansa can, kada ya karɓi takardar sallama sai ya ƙirga ƙwayoyin ya gwada su da ranar katin, sannan ya nemi lambar da zai kira idan barci ya ƙaurace wa majiyyacin.