Hattara da mai tallan babur mai kujerar gefe a Facebook

Jama'ar Kaduna, akwai wani mutum da ke yawo da hoton babur ƙirar Ural, irin mai kujera a gefe da taya ta uku, wai na marigayi mahaifinsa ne, za a sayar a raba gado. Ni ya riga ya ci kuɗina, shi ya sa nake faɗa muku.

Saboda Baba na so babur ɗin. Ciwon ƙafa ya hana shi hawa bayan mashin, na ce wannan zai dace da kai shi asibiti da masallacin Juma'a. Mutumin ya ce masu so sun yi yawa, in tura kafin alƙalami naira 150,000 ya ajiye mini. Baki kamar zuma, kowace magana sai ya haɗa da rantsuwa. Na tura, duk da na ga sunan asusun daban da nasa. Laifina ke nan.

Ranar gani ya ce mu haɗu a Kawo, daga can ya ce Mando, sai bayan la'asar muka tsinci kanmu a wani kango a Rigasa. Allah ya taimake ni na tafi da bakanikena na Panteka. Ana yaye tamfol ya ce, "Alhaji, wannan ba shi ba ne." Ural na Rasha silinda biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, sun leƙo waje kowa na gani. Ba sarƙa ke jan tayar bayansa ba, furofela ce irin ta mota, kuma yana da giyar ribas. Abin da ke gabanmu kuwa tsohon mashin ne mai silinda ɗaya da sarƙa, an yi masa waldar akwati a gefe, an fesa koren fenti. Tayar gefen ma a karkace take, bakanike ya ce shan kwana ɗaya mai kyau ya isa ya kifar da mu. Lambar shasi an goge ta da fayil. Takardun kwastan wai suna hannun yayan mai tallan.

Na ce a ba ni kuɗina. Ya ce na cikin hoton an sayar jiya, in cika in ɗauki wannan. Ya fita amsa waya, har yau.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Shekaranjiya kuma na sake ganin hoton nan a wani shafi da sabon suna, yanzu wai mai shi zai tafi Umara ne.